Lambar waya ma ƙofa ce

'Yan uwa, ku dubi mai ƙaramin kamfanin raba intanet. Ya bar lambarsa da imel ɗinsa a fili don kwastoman da layinsa ya yanke ya same shi. Sai dillalai su cika su da talla, kira kan kira, har ƙorafin kwastoma ya ɓace a tsakani.

Dokar CAN-SPAM ta Amurka ta 2003 ta yarda ka aika, muddin ka daina in aka ce ka daina. Amma Suratun Nur, aya ta 27, ta sanya neman izini kafin shiga, ba bayan an shiga ba. Lokacin mutum haƙƙinsa ne, kuma za a tambaye ka.

Nemi halal ɗinka, amma yi sallama tukuna. Allah Ya sa mu gane.