Yaushe Baƙunci Ke Ƙarewa?

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Watau shi baƙo hantsi na yi ya bushe ya tafi, ɗan gari kuwa ko an sare shi sai ya sake tofowa. Maganar na da daɗin ji, amma ina so 'yan'uwana marubuta mu auna ta a kan wani irin mutum da kowace unguwa ta Sakkwato ta sani, tun daga Gidan Igwai har Kanwuri: mai tiredar nan da ya zo daga Ƙonni ko Tawa yana saurayi, wataƙila a farin 1973 ko na 1984, ya fara da faifan goro, ya kai ga teburi, ya kai ga ɗan shagon langa-langa. A nan ya yi aure, a nan ya aurar, a nan aka sallace shi. Amma ranar sadakar uku sai ka ji ana cewa, "Allah ya jiƙan baƙon nan, mutumin kirki ne." Shekara arba'in, har yanzu raɓa!

Abin mamaki shi ne a ji wannan a Sakkwato. Garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, wa ya gaje shi daga kakansa? Shehu Usmanu kansa a Maratta aka haife shi a 1754, wadda yau take cikin Nijar, sai a 1815 ya tare a nan. Iyakar da ta raba Illela da Ƙonni kuwa Ingila da Faransa suka shata ta a farkon ƙarni na 20, ba da shawarar kowa ba. Duk da haka ta yi mana tasiri. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, Hausawan zango da yawa suka dawo hannu rabbana. A 1983, zamanin Alhaji Shehu Shagari, mu ma muka kori fiye da mutum miliyan ɗaya. Kowa ya ɗanɗana, kowa ya ɗanɗana wa wani.

Doka tana da tata amsar. Tsarin mulkin 1999 ya ce baƙo zai iya neman zama ɗan ƙasa bayan zaman shekara 15, kuma ɗan da aka haifa a nan ɗan ƙasa ne idan uwarsa 'yar ƙasa ce. To amma mai tireda bai taɓa cika wannan takarda ba, kuma ba ita maƙwabta ke dubawa ba. A ganina, in ana neman shaidar zamansa ɗan unguwa, a buɗe littafin bashinsa. Ɗan littafin makaranta ne da ya sha maiƙo, an rubuta shi da ajami ko da boko mai karkata: gwangwanin gero, sabulu, kananzir, sukari na azumi. A ciki za a ga gidan da albashi ya yi wa jinkiri, da matar da mijinta ya tafi ci-rani, da sunayen da aka ja wa layi alhali ba a biya ko kwabo ba. Mutumin da ya san sirrin tukunyar kowane gida, kuma bai taɓa fasa shi a majalisa ba, da wane baki za a kira shi raɓa?

Mai karatu zai iya cewa, ai zuciyarsa na can gida, duk ribar da ya samu can yake aikawa, har ɗaki ya gina a ƙauyensu. Gaskiya ne. Sai dai ban ga laifin wanda ya ciyar da tsohuwarsa ba, kuma ɗakin nan sau nawa ya kwana a cikinsa? Wanda ya ɗauki nauyin gida biyu ai ya fi mu ɗawainiya, bai fi mu ƙarancin amana ba.

Inda abin ya shafe mu shi ne nan. Mun cika takardu da tarihin sarakuna da malamai da attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda shi ma ya yi zaman fatauci a Gwanja da Kumasi. Wannan daidai ne. Amma rayuwar talaka ta Baba ta Karo, sai da Baturiya Mary Smith ta zauna ta saurare ta kafin ta zama littafi a 1954. Shi kuwa mai tireda, abin da ya rage masa kalmomi biyu ne, "mutumin kirki", waɗanda muke yafa wa kowane mamaci kamar likkafani. Wanda zai rubuta shi da gaske dole ya faɗi har da tsadar kayansa da faɗansa da yara, domin yabo tsantsa ma wata hanya ce ta mantawa da mutum.

Galibi bayan arba'in 'ya'yansa kan sayar da shagon, wani ya zo ya buɗe wurin cajin waya. Littafin bashin kuma magada su kan duba, su ga masu sunayen nan su ne suka ɗauki makara, sai su rufe shi su sa a ƙarƙashin akwati.