Tsufa Ta Yi, Ko Shaƙe Ta Aka Yi?

Idan wata al'ada ta mutu, mukan ji mutane suna kuka kamar an yi kisan kai. To amma mutuwa iri-iri ce. Akwai tsohon da ya cika a kan shimfiɗarsa jikoki na kewaye da shi, akwai kuma wanda aka danne aka shaƙe. Na farko sai a yi masa addu'a a haƙura, na biyu kuwa dole a nemi wanda ya aikata. Tambayar da nake so mu duba tare da 'yan'uwana ɗalibai da malamaina ita ce, yaushe ne mutuwar al'ada take zama zalunci? Misalina zan ɗauko shi daga nesa, daga tsibirin Jamaika da unguwannin baƙar fata na Ingila, watau taron rawar rege ta asali wadda suke kira ruts, da tulin akwatunan sautin nan da suke kira sawun sistam.

A ƙarshen shekarun 1940 da cikin na 1950, talakan birnin Kingston ba shi da kuɗin shiga otal inda makaɗa suke wasa, ba shi kuma da garmaho a ɗaki. Sai waɗansu masu dabara, irin su Tom Wong da Duke Reid da Coxsone Dodd, suka riƙa haɗa manya-manyan lasifika cikin akwatunan katako, a ɗora a mota, a kafa a fili ko a bakin titi, a sa faifan Amurka, jama'a su taru. Gasa ta yi tsanani har mutum yakan kankare sunan da ke jikin faifai don kada abokin hamayya ya gane ya sayo irinsa. Da irin faifan da ake so ya yi wuyar samu, sai suka shiga buga nasu. Ashe ke nan taron ne ya haifi kiɗan Jamaika da duniya ta sani.

Mutum guda ba ya tafiyar da sawun sistam. Akwai mai zaɓen faifai, da mai kula da inji, da mai riƙe makirufo yana magana a kan kiɗa, da samari 'yan dakon akwatuna waɗanda a nan suke koyon sana'ar, ga kafinta, ga mai gyaran waya, ga mata masu sayar da abinci a bakin ƙofa. King Tubby, wani mai gyaran rediyo a unguwar Waterhouse, yakan cire muryar mawaƙi ya bar ganga da jita mai kaurin amo, U-Roy kuma ya hau kai da zance. Akan yanka faifai na musamman, ƙwaya ɗaya tak, ba na sayarwa ba, wanda in kana son jinsa sai ka zo da ƙafarka. A shekarun 1970 akidar Rasta ta cika waƙoƙin, ana zancen bauta da Afirka da Habasha da cin zalin talaka. A Ingila kuwa, inda Duke Vin ya kafa nasa a Landan tun 1955, gidajen rawa da dama ba su karɓar baƙin mutum, saboda haka sai a kwashe kayan ɗaki a yi taron a cikin gida. Jah Shaka, wanda ya rasu a 2023, yakan tsaya da garmaho guda tun dare har asuba, amon yana dukan ƙirji kafin ya isa kunne. Mu nan rege ta iso mana ne ta rediyo da kaset, muka san Bob Marley da Jimmy Cliff, daga baya Lucky Dube. Waƙar muka samu, taron bai iso ba, shi ya sa da wuya mu gane abin da masu kuka suke yi wa kuka.

To me ya rage wannan taro? Kashi guda dai tsufa ne, ban kuwa ga laifin kowa a ciki ba. Marley ya rasu a 1981. A 1985 Wayne Smith da Jammy suka fitar da "Under Mi Sleng Teng" da amon wani ɗan ƙaramin piyanon lantarki na Casio, nan da nan samari suka koma sabon salon dansihol, mai sauri, mai araha wajen bugawa. Dattawa suka ce batsa da fariya sun kori wa'azi. Ni ma kunnena ya fi karkata ga tsohon, amma son raina ba hujja ba ne. Zamani riga ne, kuma su Coxsone ɗin ma ai sun rage wa makaɗan zamaninsu kasuwa sa'ad da suka zo da faifai. Yaron da ya ga dama ya sa ɗan abin sauraro a kunne ya ji waƙa ta waya shi kaɗai bai ci amanar kowa ba. Ba a tilasta wa ɗa ya so rawar ubansa.

Bindiga kuma daban. A rikicin zaɓen Jamaika na 1980 an kashe mutum fiye da 800, shi kansa King Tubby harbe shi aka yi a ƙofar gidansa a 1989. Wurin da ake harbi, mai iyali ba ya zuwa. Wannan laifi ne a fili, ba ya bukatar muhawara.

Inda maganar take da wuya shi ne wajen doka. A 1997 Jamaika ta kafa dokar hana hayaniya, wadda ta ce sai an nemi izinin 'yan sanda kafin a yi taro, a kuma kashe sauti da ƙarfe 12 na dare a ranakun aiki, ƙarfe 2 a ƙarshen mako, alhali kuwa taron nan bisa al'ada sai dare ya raba yake ɗaukar zafi. Masu sana'ar suka ce an yanka su. Amma mu da muka san nauyin haƙƙin maƙwabci bai kamata mu yi saurin goya musu baya ba. Akwai ma'aikaciyar asibiti da za ta fita da asuba, akwai majinyaci, akwai mai jego, akwai ɗalibi irinmu da jarrabawa ke jiransa. Su ma talakawa ne, a unguwar suke, domin mai kuɗi yana can kan tudu inda amon ba ya kai. Barcinsu haƙƙi ne, wanda ya hana su ya zalunce su, ko da waƙar da yake sawa ta yaƙi da zalunci ce. Saboda haka ni ban ce dokar kanta zalunci ce ba.

Abin da na kira zalunci shi ne a karɓe wa mutum abu ɗaya da yake da shi a bar shi hannu wofi. Mai hali in an hana shi titi yana da otal, yana da lambu mai katanga. Talaka titin shi ne zaurensa. A Landan abin ya ma fi muni. Gidan rawa na Four Aces a Dalston, wanda ya yi shekaru yana karɓar masu sawun sistam, an rushe shi a 2007 an gina dogayen benaye. Unguwa takan yi suna saboda kiɗanta, sunan ya jawo masu kuɗi, haya ta tashi, sa'an nan baƙon da ya zo jiya ya kai ƙarar amon da ya tarar. Har 'yan sandan birnin sun taɓa fito da wata takarda mai lamba 696, wadda da farko take tambayar mai shirya taro ƙabilar waɗanda za su halarta, ba a soke ta ba sai a 2017. A gaya mini, ina ruwan barcin maƙwabci da launin fatar mai rawa?

Sai ga shi a 2018 hukumar UNESCO ta sa rege cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada, aka yi ta murna, ana tallata tsibirin ga masu yawon buɗe ido da sunanta. A ganina duk wanda ya ci ribar wannan suna, hukuma ce ko ɗan kasuwa, bashi ya hau kansa, biyansa kuwa shi ne a samar wa taron wurin zama.

Wani zai ce ai ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Gaskiya ne. Channel One da Aba Shanti-I sun yi shekaru suna kafa akwatunansu a bikin Notting Hill, samarin Faransa da Italiya suna sassaƙa nasu da hannunsu, 'yan Mighty Crown na Yokohama ta Japan har sun ci gasar duniya a New York a 1999. Ban kira su ɓarayi ba, da ƙauna suka koya. Ita ma gwamnatin Jamaika a 2017 ta ware Fort Rocky, a kan hanyar Port Royal, don a yi taro ba tare da damun kowa ba. Wannan ƙoƙari ne, a yaba. Sai dai wurin yana bayan gari, sai mai kuɗin mota, matar da take soya kifi a ƙofar gidanta daren da ake rawa a layinsu kuwa ba za ta iya ɗaukar murhunta ta bi su can ba.