HAƘƘIN KARE A KAN MAI SHI

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, batun da za mu duba a wannan mako batu ne da wasu masu karatu za su ga kamar bai cancanci shiga wannan fili ba, watau batun kare. Dalilin ɗauko shi kuwa shi ne, tun da ɓarayi da masu satar shanu da masu garkuwa da mutane suka hana jama'a barci, ajiye kare ya yawaita a birni da ƙauye, har a gidajen da a da ko inuwarsa ba a yarda ta gitta ƙofa ba. Abin da bai yawaita ba shi ne tambayar malamai: wane haƙƙi ne wannan dabba take da shi a kan wanda ya ajiye ta?

Lalle ne tun da farko mu rarrabe tsakanin tambayoyi biyu da jama'a suka cuɗanya su. Ta farko ita ce, ya halatta a ajiye kare? Ta biyu kuwa, in an ajiye shi, ko an gamu da shi a hanya, yaya za a yi mu'amala da shi? Amsar ta farko sananniya ce. Hadisai ingantattu sun nuna cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana, ƙiraɗi guda a wata ruwaya, biyu a wata. An kuma ruwaito cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake ciki. Game da tsaron gida kuwa malamai sun yi saɓani, amma da yawa sun yi ƙiyasinsa a kan tsaron dabbobi idan akwai tsoro na gaskiya. An ba da labarin Shehu Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, mai littafin Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, cewa da katangar gidansa ta faɗi a zamanin fitina sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, to da zaki ma zai ajiye. Wanda yake zaune a ƙauyen da ake kwana da ido ɗaya a buɗe ba ya bukatar a fassara masa wannan amsa.

To, a nan ne kuskure yake shigowa. Mutum ya ji an ƙuntata ajiye kare, sai ya ɗauka an ba shi lasisin wulaƙanta shi. Yaro ya taso yana ganin jifan kare kamar wani aikin lada, manya suna kallo suna dariya. Alhali kuwa babu wata hanya da hanin ajiyewa zai zama umurnin cutarwa. An hana mu cin naman jakin gida, amma babu malamin da ya taɓa cewa saboda haka a bar jaki da ƙishirwa ko a yi ta dukansa a banza.

Hatta maganar ƙazanta da ake fakewa da ita, a mazhabar Malikiyya wadda ita ce ta mafi yawan mutanen ƙasar nan, kare mai rai ba najasa ba ne, jikinsa da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki, a wurin Malikawa bin umurni ne na ibada, ba don najasa ba. Shafi'awa da Hambalawa sun tafi a kan najasarsa, kuma kowa yana da hujjarsa. Daga hujjojin Malikawa akwai aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, wadda ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo wa mai shi, alhali da baki yake kamowa. Da kuma ruwayar Abdullahi ɗan Umar a cikin Bukhari cewa karnuka sukan shiga su fita a masallaci a zamanin Manzon Allah ba tare da an yayyafa ruwa saboda haka ba. Amma ko da mun ɗauki maganar masu cewa najasa ne, hukuncin najasa wankewa ne. Ba a taɓa jin hukuncinta ya zama jifa ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ƙishirwa ta kama shi a tafiya, ya shiga rijiya ya sha, da ya fito ya ga kare yana lasar danshin ƙasa saboda ƙishi, sai ya koma ya ciko huffinsa, ya riƙe shi da baki ya hauro, ya shayar da karen, Allah Ya gafarta masa. Sun kuma ruwaito makamancinsa game da wata mace mai zaman kanta daga Bani Isra'ila. A ɗaya ɓangaren kuma ga matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Mai karatu ya lura da wani abu a nan. Waɗancan biyu kare ba nasu ba ne, babu abin da ya wajaba a kansu sai tausayi, duk da haka suka sami gafara. Ita kuwa mai kyanwa laifinta ya tsananta ne domin ita ce ta toshe wa dabbar hanyar neman abinci. Duk wanda ya ɗaura wa kare sarƙa, ya sani cewa ya fita daga sahun masu wucewa a hanya, ya shiga sahun wanda ya kulle.

Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu suka tsara a babin ciyarwa. Shehu Halil a cikin Muhtasar ya wajabta wa mutum ciyar da dabbar da ya mallaka idan babu makiyayar da za ta ci, in kuwa ya ƙi, sai a raba shi da ita. Ciyarwa kuwa ba ta tsaya ga jefa ƙanzo da ƙashi ba. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake rage zafi, saboda haka wanda ya ɗaure shi a kan siminti babu inuwa babu ruwa a watan Afrilu, lokacin da zafi a Sakkwato ko Maiduguri yake wuce digiri 40, to yana gasa shi ne a hankali. Akwai kuma wata mummunar al'ada ta barin kare da yunwa da kulle shi a duhu wai don ya yi zafin rai. Irin wannan kare ba ɓarawo yakan fara ciza ba. Sau da yawa ɗan gidan ne, ko almajirin da ya zo bara, ko mai kawo ruwa.

Wani zai ce, mutane suna kwana da yunwa kai kuwa kana zancen kwanon kare? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma za mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Babu shakka ɗan Adam yana gaba, kuma wanda yake kashe wa kare abin da zai ciyar da gida guda alhali maƙwabcinsa bai ɗora tukunya ba, yana da amsar da zai bayar gobe. Amma wannan hujja ce a kan kada ka ajiye abin da ba za ka iya riƙewa ba. Ba ta zama hujjar ka ajiye shi sa'an nan ka bar shi da yunwa ba, domin yunwar karen ba ta ƙosar da maƙwabcin ba. Ba wanda ya tilasta maka sayensa.

Sai kuma maganar lafiya, inda haƙƙin dabba da haƙƙin jama'a suka zama abu guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwo ne wanda da zarar alamunsa sun bayyana, watau firgita da kasa haɗiyar ruwa da ruɗewa, to kusan babu mai tashi. Abin takaici shi ne maganin hana shi ya daɗe a hannun mutane. Tun a shekarar 1885 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allura ya tsira. A nan gida ma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar riga-kafin karnuka. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki allura, ciwon yakan daina yaɗuwa a cikinsu. Ana fara yi wa kwikwiyo yana da kamar wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara.

Shin wanda ya san wannan, ya kuma sami iko, ya ƙi kai karensa, za a ce da shi mai tawakkali? A ganinmu mai sakaci ne da rayukan mutane. Malikawa sun ɗora wa mai kare mai cizo lamunin ɓarnar da ya yi idan an riga an gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba, kuma a yau gargaɗin ya isa kunnen kowa. Wanda kuwa aka ciza ko aka yakusa, kada a ɓata lokaci da shafa toka ko ɗaura gashin karen a kan miki. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15, sa'an nan a garzaya asibiti a ranar, ko da mikin ƙarami ne, domin ciwon yakan ɓuya wata 2 ko 3, wani lokaci har fiye, kafin ya fito.

Akwai wani abu kuma da ya shafi mahauta da masu layya. Huhu ko hantar da aka tarar da ƙulli mai ruwa a ciki, akan yanke a jefa wa kare. To wannan ƙulli shi ne yake zama tsutsa a hanjin kare, ƙwayayenta su fito a kashinsa, su koma cikin tumaki da mutane su yi ƙulli a hanta. A binne irin wannan nama ko a ƙone shi, a kuma riƙa ba kare maganin tsutsar ciki da na kaska.

Yanzu sai mu juya ga ɗaya gefen, watau masu ajiye kare don ƙawa da alfahari. An wayi gari samari a biranenmu suna gasar karnukan ƙetare, na Jamus da na Afirka ta Kudu, har da masu kaurin gashi na duwatsun Kokasas waɗanda aka halitta su don ƙanƙara, ana nuna hotunansu a waya ana cinikinsu da kuɗi masu yawa. Maganar kuɗin kare kanta akwai hani a kanta a hadisi, kuma mashahurin zance a mazhaba shi ne hana sayar da shi, ko da yake Sahnun, wanda ya rasu a shekara ta 240 bayan Hijira, ya halatta sayar da wanda aka yi izinin ajiyewa, har aka ruwaito yana cewa zai yi aikin Hajji da kuɗinsa. Amma Sahnun yana zancen karen aiki ne. Bai san da mai mayar da karya injin buga kuɗi ba, wanda yake kai ta barbara duk lokacin da ta nema, sau biyu a shekara, ta yi cikin kwana 63 ta haihu, a ƙwace 'ya'yan tun ba su isa yaye ba, a kuma haɗa uwa da ɗa ko wa da ƙanwa don kada a biya kuɗin namiji. Sakamakon haka shi ne karnuka masu ciwon ƙugu da raunin jiki. Turawan da aka kwaikwayo su ma sun fara ja da baya: a shekarar 2023 kotun ƙoli ta ƙasar Norway ta hana hayayyafa wani nau'in ƙaramin kare saboda cututtukan gado da suka yi masa katutu. Ga kuwa karen gida na mafarauta da makiyaya, da siririn karen Buzaye na kwarin Azawak a Nijar da Mali, sun saba da rana da ƙayar ƙasar nan tun kaka da kakanni. An sayar da kare an sayi biri ke nan.

Haka nan yanke kunne da wutsiya don ado, da sa karnuka faɗa ana caca a kai, duka sun shiga ƙarƙashin hanin azabtar da dabba. Fiɗiya kuwa, Risala ta halatta ta ga tumaki da awaki saboda amfani, ta hana ga dawaki, kuma akwai daga malaman wannan zamani waɗanda suka yarda da ita ga irin kare da kyanwa in likita ne zai yi don kauce wa cuta mafi girma. Cutar kuwa muna ganinta: 'yan kwikwiyo a cikin buhu a bakin kwata, idanunsu ma ba su buɗe ba. Alwaƙidi, mai tarihin yaƙoƙin Manzon Allah, ya kawo cewa a kan hanyar buɗe Makka a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi ya ga wata karya tana shayar da 'ya'yanta a gefen hanya, sai ya sa wani sahabi ya tsaya kusa da ita don kada rundunar ta taɓa su. Malaman hadisi suna da magana a kan ruwayoyin Alwaƙidi, amma ma'anar labarin ta dace da abin da ya inganta.

Saura kare wanda ya tsufa, haƙora suka zube, ido ya dushe, bayan ya shekara 10 yana kwana a waje don mai gida ya kwana a ciki. Tsufansa bai kayar da wajibcin ciyar da shi ba, kuma kora shi titi ɗora wa unguwa nauyin da yake na mutum ɗaya ne. Idan kuwa ya haukace, ko ya zama mai cizo da ba a iya tsare shi, Shari'a ta yarda a kashe shi don kare jama'a. Sai dai hadisin Shaddadu ɗan Ausu a cikin Muslim ya wajabta kyautatawa hatta a wurin kisa, saboda haka ba a ba yara shi su yi ta jifa, ba a kuma zuba guba a bola inda kaji da awakin maƙwabta suke kiwo. A kira ma'aikatan dabbobi su yi abin da ya dace cikin gaggawa, kada kuma a taɓa gawar da hannu tsirara, domin a ƙwaƙwalwarsa ne ake gwadawa a gane ko waɗanda ya ciza suna cikin haɗari. Wallahu a'alamu.