Shaidar Ƙarfe da Iyakarta

A cikin kayan gado, a ƙasar Magarya ko Dungas, akan ci karo da gatarin da ba ƙirar gida ba: baki a gaba, tsini a baya, irin na ƴan kwana-kwana. Siffarsa ma takan tona asalinsa, domin gatarin Bahaushe ruwansa ke shiga ƙota, wannan kuwa ƙota ce ke shiga ruwa. Idan aka goge tsatsar, mai yiwuwa hoton ido ya bayyana, wato tambarin Goldenberg, masana'antar yankin Alzas a gabashin Faransa. Magaji ya san inda aka ƙera shi ke nan.

Sai dai tambari bai faɗi yadda gatarin ya shigo gidan ba. Kyautar kumandan ce, ko ladan aiki? Ko kuwa kakan ya dawo da shi ne daga aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke ba sai 1946? Jika yana son a ce kakansa jarumi ne mai kashe gobara, ƙarfe kuma ba ya musu. Wanda ya ɗora wa tambari labarin da bai ƙunsa ba, ya sa bebe shaidar zur.

Akwai kuma waɗanda tambarin ya yi shiru a kansu: maƙerin ƙauye da ya yi ta wasa bakin, da masassaƙin da ya sake ƙota sau da dama. Su ba su buga suna a ƙarfe ba. Sunayensu suna bakin tsofaffin gidan, waɗanda ƙasa ba ta rufe idonsu ba tukuna.