Wa Ya Tura?

Kawuna ya kira ni daga Kano a ƙarshen Shawwal. Bayan mun gaisa ya tambayi yara, sai ya ce bana ma yana tafe. Wannan zai zama Hajjinsa na tara. Ba ta hukumar alhazai zai biyo ba, kujera ta yi tsada. Wani ne ya samo masa bizar ziyara, zai shigo da wuri ya sauka wurina a Misfala, in ranar takwas ga wata ta zo mu san dabarar da za mu yi mu kauce wa shingen 'yan sanda.

Na ce, "Kawu, da kun bar wa wani bana."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai yaro, wa na tare wa hanya? Sau takwas ina zuwa, ka taɓa jin an ce na ture wani?"

Bai taɓa ba, na shaida. Mutum ne da ko a layin karɓar abinci yake ja da baya. Amma tambayar tasa ta hana ni barci, don na san wani abu game da cunkoso wanda mu mazauna garin nan muka sani a jikinmu.

Sau ɗaya na taɓa shiga turmutsitsi na gaske, a ɗawafin ifala. Ban ankara ba sai na ji ƙafafuna sun bar ƙasa, jama'a na tafiya da ni kamar kara a bakin ruwa. Akwai wata tsohuwa, ban san ƙasarsu ba, fuskarta a ƙarƙashin gwiwar hannuna. Ina jin ina danne ta. Na so in janye hannun, babu inda zan kai shi. Wanda ke bayana yana danne ni, yana ba ni haƙuri da yarensa. Da za ka bi layin nan har ƙarshe kana neman mai laifi, wanda za ka tarar can baya mutum ne da ke tafiya a hankali yana zikiri, bai ma san akwai wata tsohuwa ba. Allah Ya kiyaye, tsohuwar ta fita. Amma da ta mutu, wa ya kashe ta?

Masu nazarin taron jama'a sun ce in mutum shida ko bakwai suka matsu a fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, taron ya daina zama mutane masu zaɓi, motsinsa ya koma na ruwa. Yawancin waɗanda ke mutuwa ma ba tattake su ake yi ba, numfashi ne ke gagararsu suna tsaye. Haka aka rasa mutum 1,426 a ramin Mu'aisim a 1990. Haka aka rasa fiye da 340 a wurin jifa a Janairun 2006. Ranar Alhamis 24 ga Satumba 2015, ayari biyu suka haɗu a mahaɗar titi na 204 da na 223 a Minna. Hukuma ta ce 769 ne suka rasu, lissafin da aka tattara daga ƙasashen alhazan ya haura 2,400. A ciki akwai namu ɗaruruwa, har da Hajiya Bilkisu Yusuf 'yar jarida da Farfesa Tijjani El-Miskin. Duk wanda ke kan titin nan ranar da niyyar ibada ya fito.

Mukan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, muna faɗa da alfahari. A Minna na gane maganar tana da wata fuska.

To, ai sai a faɗaɗa wurin, in ji mutane. An faɗaɗa kuwa. Bayan 2006 aka rushe tsohuwar gadar Jamrat aka gina mai hawa-hawa, shiga daban fita daban, kuma gaskiya wurin jifan ya yi sauƙi. An kawo jirgin ƙasa tsakanin Arfa da Muzdalifa da Minna. An rushe unguwar Shamiyya aka ƙara Harami. Kowace shekara gine-gine na tashi, talakan da ke kwana yana jin kiran sallar Harami da kunnensa yana ƙara nisa. Tsofaffinmu takari da kakanninsu suka zo nan da ƙafa ta Chadi da Sudan, suna shekaru a hanya, yanzu jikokinsu sai sun hau mota kafin su ga Ka'aba. Duk da haka wurin bai isa ba, kuma ba zai isa ba. Minna kwari ce tsakanin duwatsu. Arfa tana da iyaka, ranar tsayuwa ɗaya ce. Duk faɗin da aka ƙara, jirgin sama ya cika shi. A 2012 an haura mutum miliyan 3.

Saboda haka dole wani ya zauna a gida. Abin da ya rage shi ne wane ne. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka yanka wa kowace ƙasa kaso, kimanin mutum dubu a kowane miliyan na Musulminta. A baya Nijeriya ta daɗe a kan kujera 95,000. Mu mazauna Saudiyya aka ce sau ɗaya a shekara biyar, kuma sai da tasrihi.

A nan hujjar Kawu take da ƙarfi, ba zan ɓoye ba. Ya ce dokar talaka kawai take kamawa. A 2025 kujera daga arewa ta haura naira miliyan 8. Mai kuɗi yana zuwa duk shekara, ya sauka a otal mai kallon Ka'aba, tantinsa da sanyi kusa da Jamrat, ba wanda ya ce masa ya bar wa wani. Malamin makaranta da ya yi shekara ashirin yana adashi shi ake kira ɓarawon hanya in ya biyo ta baya. Kuma shi ne ke mutuwa: a zafin 2024 hukumomi sun ƙirga mutum 1,301 da suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da tasrihi, wato ba tanti, ba mota, ba inuwa. Wannan rashin adalci ne, na yarda.

Sai dai rashin adalcin mai kuɗi bai rage nauyin jikin Kawu ba ko kilo ɗaya. In ya shiga titin nan, kafaɗarsa za ta danne wani kamar yadda tawa ta danne tsohuwar can. Malamanmu sun daɗe suna koyar da cewa sumbatar Hajarul Aswad sunna ce, cutar da mutum haramun ne, don haka in akwai matsi ka yi nuni daga nesa ka wuce. Kowa ya yarda da wannan a kan dutse ɗaya. Ban ga abin da zai hana mu auna dukan tafiyar da wannan mudun ba. Hajji sau ɗaya ne farilla. Na tara nafila ne, kuma ana yinsa ne a cikin filin da wani ke buƙata don sauke farali. A tsakiyar taro ba ka da iko da hannunka, balle a tambaye ka me ka yi da shi. Lokacin da kake da iko shi ne kana zaune a tsakar gidanka a Kano, fasfo a hannu.

Na faɗa masa wannan, cikin ladabi dai gwargwadon iyawata. Sai ya ce, "To kai sau nawa ka yi?"

Shida. Biyu kawai da tasrihi. Sauran huɗun na bi ta duwatsu da dare tare da samarin unguwa, muna dariya, muna jin mun yi wayo. Ban taɓa tunanin ina cikin lissafin cunkoson ba; cunkoso a wurina wasu ne, baƙin da suka cika mana gari.

Ban ce ba ya da hujjar jin zafi ba. Mutum ne mai shekara saba'in da ɗoriya, ya ce duk shekarar da bai tsaya a Arfa ba ji yake kamar ba a rubuta masa ita ba. Ban san me ake ce wa irin wannan kewa ba, kuma ban iya ce masa ƙarya ce.

Muka rabu a kan zai yi shawara. Bayan mako biyu Inna ta turo saƙon murya, ta ce ya fasa, amma kada in ɗauka maganata ce ta yi aiki, gwiwarsa ce ta tashi. Kuɗin ya ba ƙaramar ƙanwarsu ta ƙara a ajiyarta ta hukumar alhazai, ita ba ta taɓa zuwa ba. Har yanzu in na kira shi gaisuwa kawai muke yi.

Ranar Arfa na zauna a gida. Misfala ta yi tsit, har kukan tattabaru ake ji. Na kunna talabijin, yara suna nuna fararen haramai a kan dutsen Rahama suna tambayata a ina nake tsayawa.