Juma'a Ba Nama, Ko a Landan

Ku 'ya'yanmu da kuka tafi Ingila karatu ko aikin jinya, da ku nake.

A Kaduna ko Zariya, da wuya mutum ya manta da Allah. Ladanin unguwa zai tashe ka da asuba, ƙararrawar coci ta kira ka, ranar Lahadin da ba a gan ka a Mas ba kuwa, kafin la'asar an aiko jin ko lafiya. Inda kuke yanzu babu mai aikowa. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, masu kiran kansu Kirista sun sauko zuwa kashi 46 cikin 100, karo na farko da suka kasa kai rabi, kashi 37 kuma suka ce ba su da addini. Yawancinsu mutanen kirki ne, ba za su hana ku addu'a ba. Abin da nake ji muku tsoro shi ne bangaskiya ta zurare a hankali, kamar ruwa a randa mai tsagu, ba ku sani ba sai ranar ƙishi.

Bishop-bishop na Katolika a ƙasar sun riga sun ga wannan haɗarin. Bayan ziyarar Paparoma Benedict XVI a 2010, sai a watan Satumba na 2011 suka dawo da barin cin nama kowace Juma'a, ba lokacin Azumi kaɗai ba. Wani zai ce me nama ya tare wa Allah? Bai tare komai ba. Amma Juma'a ce ranar da aka gicciye Ubangijinmu, kuma jiki ma yana buƙatar ya tuna, kada a bar wa zuciya aikin ita kaɗai. Idan abokiyar aikinki ta ga kin ture kaza kin ɗauki wake, ta tambaye ki dalili, 'yata, kada ki ce ba kya jin yunwa. Faɗa mata gaskiya a taƙaice, da fara'a. Wataƙila a shekarar nan daga bakinki kaɗai za ta ji sunan Yesu an ambace shi da girmamawa.

Ku yi alamar gicciye kafin ku ci abinci, ko da a ɗakin hutun asibiti ne, ba don a gani ba, ba kuma a ɓoye ba.

Na san aikin dare yana karya jiki, kuɗin Lahadi kuma ya fi tsoka, ga 'yan gida suna jiran aike. Duk da haka Ikilisiya ta yi muku sauƙi: Mas na yammacin Asabar yana cika wajibin Lahadi. Tun kafin a fitar da jadawalin aiki na wata, ku nemi cocin Katolika mafi kusa, ku rubuta lokutan Mas da na furta zunubi, ku je ku gaida Fada ya san sunanku, sannan ku karɓi aikin da ya rage.