MAGANA GA IYAYE A KAN KOYA WA YARA CIN GANYE

Ya ɗan'uwa, kai da ka shigo cikinmu ba da daɗewa ba, kana tambaya yadda ya kamata mai bi ya riƙe gidansa, ga wata magana wadda ba a cika yin wa'azi a kanta ba, watau abin da ka ke sa wa yaronka a baki. Gama yaro amana ne daga wurin Allah, jikinsa duk da ransa. Wanda ya koya wa ɗansa addu'a, ya bar shi yana ramewa, rabin aiki ya yi.

A nan Nassarawa, unguwar da Turawa suka keɓe wa kansu bayan sun ci Kano a 1903, abinci bai yi ƙaranci ba. Amma ka duba abin da yara su ke ci, ko a manyan gidaje, ko a ɗakunan baya inda kuku da mai gadi su ke zaune da iyalinsu: biskit, da alewa, da taliyar leda, da lemon kwalba. Ganye kuwa an mai da shi abincin matsiyata, har wani ya kan ji kunya baƙo ya iske kwaɗon rama a gidansa. Alhali kasuwar 'Yankaba ga ta nan kusa, kan hanyar Haɗeja, cike da alayyafo, da zogale, da yakuwa, da kuɓewa, da karas, da kabewa.

Wannan raini yana da hatsari. A cikin koren ganye, da karas, da kabewa, da manja, akwai abin da jiki ya ke mayarwa bitamin A, wanda ido ba ya iya aiki sai da shi. Yaron da ya rasa shi, da fari dundumi ya ke kama shi: da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe, a ce masa sakarai. In abin ya daɗe ido ya bushe, har ya kai ga makanta wadda ba ta da magani. Ƙyanda da gudawa kuma sun fi tsanani ga irin wannan yaro.

To, ya 'yar'uwa, ga yadda za ki fara. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a haɗa. Sa'anda ya cika wata 6, ki dafa kabewa ta yi laushi, ki murje ta, ki ba shi cokali 2 ko 3, sau biyu a yini, kina ci gaba da ba shi nono. Bayan 'yan kwanaki ki kawo alayyafo, ko ki zuba garin zogale kaɗan cikin kununsa. Ki ɗiga man gyaɗa ko manja a ciki, gama bitamin ɗin nan sai da maiƙo jiki ya ke karɓarsa sosai. Gishiri da barkono da sukari, a bar su tukuna.

Zai ƙi, kada ki yi mamaki. Da son zaƙi a ke haihuwar ɗan Adam, ɗaci kuwa koyonsa a ke yi. Zai yamutse fuska, ya tofar. Masu binciken renon yara sun ga sau da yawa sai an miƙa wa yaro sabon abinci sau 8 ko 10, a kwanaki dabam dabam, kāna ya karɓa. Uwa kuwa ta kan fid da rai tun a na uku, ta ce ɗanta ba ya so. A 2001 wata masaniya a Amurka, Julie Mennella, ta nuna cewa jariran da uwayensu suka sha ruwan karas da ciki ko da goyo ba su cika ɓata fuska ga ɗanɗanon karas ba. Ashe tun daga akushin uwa a ke fara koyarwar.

Abu guda ina roƙonki da babbar murya: kada ki yi masa ɗura. Wannan al'ada ta danne yaro a cinya, a toshe masa hanci, a kwarara masa kunu, mun gaje ta, amma mugunya ce. Kunu ya kan bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, an kuwa yi hasarar 'ya'ya ta haka. Wanda ya tsira ma ya kan tashi yana tsoron cokali. In ya kau da kai, ki ɗauke ƙwarya ba faɗa, gobe ki sāke kawowa. Haƙurin da mu ke koya a majami'a, a nan a ke gwada shi.

Kai kuma maigida, kada ka ce wannan sha'anin mata ne. Yaro ba ya cin abin da ya ga ubansa yana turewa gefe. In kana tsince nama kana barin ganye, wa'azinka ya riga ya ƙare. Ka zauna da shi, ka ci yana gani. Ka ba shi labarin Daniyel da abokansa uku a Babila, waɗanda suka bar abincin sarki, suka ci ganyaye da ruwa kwana goma, aka same su sun fi sauran samari kyaun jiki. In akwai fili a bayan ɗakinku, ku dasa zogale tare, shi ya riƙa ban ruwa. Abin da hannunsa ya raina ba shi da wuyar ci gare shi.

Sai dai a lura, waɗansu lambunan cikin gari da ruwan kwata a ke ba su. A wanke ganye da ruwa mai tsabta, a dafa wa ƙaramin yaro nasa har ya nuna. Ɗanyen karas da yalo kuwa, kada a ba shi gutsure sai ya iya tauna sosai, domin kada ya shaƙe.